Wa Ke Yanka Farashi a Kasuwa?

Duk wanda ya je Kwanar Gafan, a ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano, a kakar tumatirin rani, zai ga kwanduna jere har bakin titi. Ruwan madatsar Tiga ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, kuma kusan lokaci guda amfanin kowa ke nuna. A nan manomi bai isa ya yanka wa kwandonsa kuɗi ba. In an taya ya ce albarka, sai dillali ya matsa gaba, ga na maƙwabci iri ɗaya. Wannan ne masana tattalin arziki ke kira cikakkiyar gasa: masu sayarwa da yawa, kaya kala ɗaya, babu mai iko da farashi.

Abin da ya fi karya manomin shi ne tumatir ba ya jira. Kwana biyu a rana, ya fara ruwa. Mai loda mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya san haka sarai, kuma da wannan sanin yake ciniki.

Ko tsada ta zo ma, tana da iyaka. A 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Uwargida ba ta zauna jira ba: ta koma kauɗa da na gwangwani, ko ta kaɗa kuka. Kayan da ke da madadi, mai saye yana da ƙofar fita.

Siminti fa? Kamfanoni uku, Dangote da BUA da Lafarge, su ke riƙe da kusan duk kasuwar Nijeriya. Kafa masana'anta irin ta Obajana ko Ashaka sai jari mai tsoka, don haka sabon abokin gasa ba ya shigowa da sauƙi. Buhu yana iya yin makonni a sito, kuma wanda ya kai gini linta ba shi da abin da zai musanya da shi.

Ni dai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan ƙwadagon da ke tsinkar tumatirin. Ƙarfinsa ne hajarsa, kuma ya fi tumatir saurin lalacewa: yinin da bai samu aiki ba ya tafi ke nan, ba a shanya shi a ajiye. A watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ladan mai tsinka a bakin gona ake yanke shi da sassafe, ga wasu samarin tsaye a bayansa, kowa na jiran a ce ya shigo.