Maginin Ƙasa: Gwanin da Gininsa Ke Sajewa da Dawa

Duk wanda ya bi ƙauyukan Kudan da Maƙarfi da rani ya san yadda tsohon gida ke ɓuya. Sai ka zo daf da shi kafin ka bambance katanga da gona, don launinsu ɗaya ne. Yanzu ƙyallin kwano ne ke tona asirin gari tun daga nesa.

A ƙasashen waje mutane na zuba kuɗi a masaukan hutu na bayan gari, inda mai gajiya ko mai murmurewa zai je ya sami iska da shiru. Masu zanen irin waɗannan wurare suna ta fama su fitar da ginin da zai saje da ƙasa da itatuwa. Nakan ce da mai wannan niyya zai zo Ikara ko Hunƙuyi, kafin ya nemi takarda da biro ya kamata ya nemi maginin ƙasa.

Magini ba ya fara aiki da awo. Zagaya fili yake yi tukuna, ya ga inda ruwa ke bi da damina, inda gara ta yi shuri, inda inuwar ɗorawa ke faɗuwa da azahar. A nan, inda fadamun rake suka yawaita, tudu yake nema, domin danshin da ke tasowa ta gindin bango ya fi ruwan sama ɓarna. Ya san hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas ne zai fi ba kauri da kulawa. Tsamiya ko ɗorawar da ya tarar ba ya sare ta. Yakan karkata katanga ya bar mata wurinta, a yi dakali a gindinta.

Sai ƙasa. Zai damƙi jar ƙasa mai birji, ya yayyafa mata ruwa, ya murza a tafin hannu. In ta cika danƙo za ta tsage, in ta cika yashi za ta zube. A kududdufin bayan gari ake haƙo ta, a jiƙa, a zuba ramno, yara su tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi mai faɗi, kai a tsuke, a jera a rana. Ranar gini kuwa abin kallo ce. Gwani na zaune bisa bango kamar mahayin doki, yaro na ƙasa yana wurga masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba tare da ya duba ba. Mai wucewa ya ce, "Sannu da aiki, gwani," ya amsa hannunsa bai tsaya ba.

Rufin ne ke raba gwani da ɗan koyo. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi yawa. Shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, ana ɗora azara kan azara har ƙafafun su haɗu a tsakiya. Ƙasar Zazzau ce gidan wannan ilimi. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa mai sunan Babban Gwani a cikin birni.

Shiga soron ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu, ka ji yadda kafaɗunka ke saukowa. Kaurin bango ke shanye zafin yini, ya sake shi a hankali cikin dare, abin da ke sa ɗakin ya yi ɗumi da hunturu. Ƙara ma ba ta ratsa shi. Wane magani mai neman hutu ke bukata da ya fi barci mai nauyi ba tare da rurin janareta ba?

Amma gidan ƙasa yana da haƙƙi a kan mai shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin ruwan farko sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Da can ana jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe bango da ruwanta, a kuma yi laso da katsin marina. Marina sun ragu, giginya ta yi wuya, matasa sun koma buga bulo don kuɗinsa na zuwa da wuri. Ban ga laifin magidancin da soronsa ya yi yoyo a watan Agusta ya koma kwano ba. Abin da ke mini ciwo shi ne yadda aka mayar da ginin ƙasa alamar talauci.

Maƙwabtanmu sun nuna ba haka ba ne. Falke Barmu na Yama, a jihar Tawa ta Nijar, ya soma masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma a 1986 aikin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018, da hannun maginan yankin.

Mai son gina masaukin hutu a Ikara yana iya ɗaukar wannan hanya: harsashin dutse da siminti don tare danshi, bangon tubali a kai, ɗakuna ƙanana a warwatse tsakanin itatuwa, zaure a bakin shiga. Sai dai ya sa ladan gyaran shekara-shekara a lissafinsa tun farko, ya kuma nemi gwanin tun kaka, domin da an gama girbi ake soma buga tubali.