Gudun ɗari: na tafi horo Kwatano, na bar amana a Guci

Kowace shekara, da zarar an kai hatsi rumbu, samarin kudancin Damagaram sai su shiga ɗaure ƴan komatsansu. Wasu neman kuɗi, wasu neman karatu, wasu koyon sana'a. Ana yawan ba da labarin abin da suke komowa da shi, amma ba a cika waiwayar abin da suka bari a gida ba. Ga labarin wani ɗan jan kifi da ya mutu a Guci, da abin da mutuwarsa ta koya mini.

Kowa da inda yake fakewa

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, garin Guci na gundumar Dungas, wadda aka cire daga ta Magarya a 2011, yakan wayi gari cikin hazo. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, tsofaffi su kewaye wuta tun da asuba. Cikin dare ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15. Baturen da ya saba da ƙanƙara zai yi mana dariya, amma wanda ya kwana bisa tabarma da zane ɗaya ya san abin da ake nufi.

Gudun ɗari kuwa ba mu muka fara shi ba. Agwagin ruwa na Turai suna ƙetare hamada su sauka a tafkunanmu, irin su na Lasuri, wanda aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a 2005. Ƴan wasan Turai ma sun bi sawun tsuntsayen: ƴan tseren keke suna yin sansani a gaɓar tekun Ispaniya, ƴan gudu suna hawa tudun Iten a Kenya, mai tsawon mita 2.400, ƙungiyar ƙwallon Bayern Munich kuwa ta yi shekaru tana kai ƴan wasanta Doha a watan Janairu. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne: jiki ya fi karɓar horo inda rana take.

Ni ma a Disamba 2021 na samu rabona: horon aikin jarida na wata uku a Kwatano, abin da ƴan lakkwal ke kira «stage». A can, bakin teku, ko da dare mutum gumi yake yi. Na rufe ɗakina na haya a Damagaram cike da murna. Abu ɗaya ya tsaya mini: kifina.

Baƙo a gidan Inna

Ɗan kifi ne ja, bai wuce tsawon yatsa ba, wanda Faransawa ke kira «poisson rouge». A Kano na saye shi, ya shekara biyu a wurina cikin wata babbar kwalbar gilashi. Ba a cinsa, ba a sayar da shi, ba ya gadi kamar kare. Amma wanda ya taɓa zama shi kaɗai a ɗakin haya ya san darajar abu mai rai da ke motsi idan an buɗe ƙofa.

Na zuba shi a jarka, na rungume ta cikin mota har Guci. Mutanenmu sun san tarwaɗa da ake jefawa rijiya don ta cinye tsutsa, sun san gaiwa da ke kwanciya cikin laka har damina ta komo. Amma kifin da aikinsa kallo ne kawai, wannan sabon abu ne. Yaran unguwa suka cika zaure. Inna ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce: «To, shi wannan me yake ci?» Na miƙa wa ƙanena, yaro ɗan shekara 12, gwangwanin abincinsa, na ce: «Ku dai kula da shi.» Iyakar bayanin da na yi ke nan. Mota tana jira.

Kowace Juma'a ina kiran gida. In gaishe da Inna, in tambayi lafiyar kowa, in ce yaya kifi, a ce lafiya lau. Ranar da na komo, a farkon Maris, na tarar da kwalbar an wanke ta tas, an kife a bisa rumfa. Ƙanena ya ƙi haɗa ido da ni. «Yaya, sanyi ne ya kashe shi,» in ji shi. Ashe ya fi wata ɗaya da mutuwa, Inna ta hana a gaya mini don kada hankalina ya rabu da karatu.

Ba ɗari ba ne

Da na bi diddigi, sai na gane ɗari ba shi da laifi. Asalin wannan kifi ƙasar Sin ne, inda aka fara kiwonsa fiye da shekara 1.000 da suka wuce, kafin ya isa Turai a ƙarni na 17. Kifin ruwan sanyi ne, yana iya kwana ƙarƙashin ƙanƙara har bazara. A 1980 masu bincike a Kanada suka gano cewa idan iskar shaƙa ta ƙare cikin ruwa, jikinsa yana mai da gubar da ke taruwa a tsokarsa ta zama sinadarin barasa, ya fitar ta kumatunsa. Idan ya samu kulawa yana shekara 10 zuwa 20, kuma an yi wani a Ingila da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. Ɗarin Guci a wurinsa ko a jikinsa.

Ga abin da ya faru. Gwangwanin da ya kamata ya kai wata uku ya ƙare cikin mako uku, domin duk baƙon da ya zo kallo sai an barbaɗa don ya ga yadda kifin ke haɗiya. Da ya ƙare aka koma ga dusa da ɓarɓashin tuwo, safe da rana da dare, kamar yadda ake ciyar da kowa a gidan. Ba wanda ya gaya musu cewa cikin sanyi wannan kifi ba ya buƙatar abinci sai kaɗan, kuma abin da bai ci ba ruɓewa yake yi ya ɓata ruwan. Sannan wani dare da iska ta tsananta, Inna ta ji tausayinsa, ta jawo kwalbar kusa da murhu, ta ƙara masa ruwan ɗumi. Alhali ruwa mai digiri 10 yana riƙe miligiram 11 na iskar shaƙa a kowace lita, mai digiri 30 kuwa bai kai 8 ba, ga shi zafi yana ƙara wa kifi buƙatar numfashi. Da gari ya waye, ya juya ciki sama.

Tausayi ne ya kashe shi, kuma rashin bayanina ne ya ba tausayin wuƙa. Ni da na je lise, nake ganin kaina wayayye, ni ne kifin rijiya a wannan magana: na ɗauka abin da na sani kowa ya san shi.

Abin da ɗan cin rani ke bari

Mai karatu zai ce: duk wannan a kan kifin da bai kai loma ba? To, a cire kifi a sa wani abu a madadinsa. Ragon layya da aka saya a kasuwar Alhamis ta Maigatari, aka bar wa yaro, ya cika shi da hatsi a lokaci ɗaya har ciki ya kumbura. Injin ban ruwa na garka da aka bar wa ƙane ba a nuna masa inda ake duba mai ba. Maganin hawan jini na tsoho da aka ajiye a hannun wadda ba ta iya karanta takardar likita ba. Duk shekara irin wannan asara tana aukuwa a gidajen ƴan cin rani, kuma idan mai abu ya komo, na gida ake ɗora wa laifi. Wayar salula ta rage nisa, kuɗi suna isowa cikin minti kaɗan, amma gaisuwa da aike ba su maye gurbin koyarwa. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ba a faɗa ba shi ne, tun ranar tafiya ake yanke abin da za a tarar.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, kafin ka ɗauki jaka ka ware yini ɗaya. Ka zauna da wanda za ka ba amana, ka nuna masa da hannunka, ya yi a gabanka, ka gaya masa abin da zai yi da abin da ba zai yi ba ko da tausayi ya kama shi.

Kwalbar tana nan a Guci, Inna tana zuba gujiya a ciki. Ƙanena ya roƙe ni in sayo wani kifin, na ce sai ya zo hutu Damagaram ya koyi kiwonsa tukuna. Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa su tarar da gida lafiya.