Kisira da Kogin Kwara: Tsakanin Almara da Kimiyya

Kowace al'umma tana da wani hatsabibi da take jingina wa abubuwan al'ajabi. Jamusawa suna da Kilinso, matsafin da mawaƙi Wolfram von Eschenbach ya saka cikin littafinsa Parzival a farkon ƙarni na 13. An ce yana da wata fada ta sihiri inda ya tsare mata masu yawa. Labarinsa bai mutu ba, domin a 1882 Richard Wagner ya sake fito da shi a wasansa na waƙa mai suna Parsifal.

Mu ma ba mu rasa namu ba. Wanda ya je Illo, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, zai ji labarin Kisira. Masu tarihin baka sun ce wani sarki ne daga Gabas da ya ƙi karɓar Musulunci, ya yi ƙaura da jama'arsa zuwa yamma. Zuriyarsa ce, in ji su, ta kafa sarautun Bargu uku: Busa da Nikki da Illo. Wata ruwaya ta ce a wajen Illo suka ƙetare Kwara tana 'yar ƙarama, suna hayewa sai ta buɗe ta yi faɗi, masu bin su suka rasa hanya.

To, yaya ɗalibin kimiyya zai ɗauki wannan magana? Da farko ya duba sunan. Kisra ita ce yadda Larabawa suke kiran sarakunan Farisa, kuma Bajamushe Leo Frobenius, wanda ya zagaya ƙasar nan tsakanin 1910 da 1912, ya danganta labarin da Kisra na Biyu da ya yi mulki daga 590 zuwa 628. Amma kamar suna ba hujja ba ce. Ba a tabbatar da cewa rundunar Farisa ta taɓa isowa Bargu ba.

Na biyu, ya duba kogin kansa. Kwara tana tasowa daga tsaunukan Gini, kuma a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, ruwan ya zo da laka, ya yi fari. Ta biyu kuwa ruwan Gini ne, wanda yake malala cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta. Sai cikin hunturu yake isowa Illo, garau, har ana ce masa baƙin ruwa. Ka ga kogi ya cika alhali ko ɗigon ruwan sama babu. Wanda bai san abin da ke faruwa a Mali ba, ai dole ya kira wannan sihiri. Mai yiwuwa irin wannan mamaki ne ya ba labarin ƙarfi.

Duk da haka, kada a raina almara. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, sannan tafkin Kainji ya cinye tsohuwar Busa a 1968. Amma har yau labarin Kisira yana tuna wa mutanen ɓangarorin biyu cewa tushensu ɗaya.

Shawarata ga malamai ita ce su tura ɗalibai wurin dattawa su rubuto labarin yadda suka ji shi, sannan su tambayi masunta watannin da ruwa yake hawa da sauka. Idan aka ajiye bayanan biyu gefe da gefe, an fara bincike ke nan.