Mashigi, Mashaya, Matsirga: Hausar Bakin Ruwa

Damina ta zauna, duwatsun Kazaure da na Roni sun yi kore shar, kuma lokacin ne magidanci kan kwashi yara ranar hutu a fita tattaki, a bi gefen ruwa, a hau tudu, a dawo da yamma. To idan ka fita irin wannan yawo, ka kasa kunne ka ji yadda yaranka ke magana. Kome suka gani "ruwa" ne, in ya yi yawa su ce "kogi". Nan Hausarsu ta tsaya. Alhali kowane ruwa da sunansa, kuma sunan ne ke gaya maka ko za a iya sa ƙafa a ciki.

Kogi shi ne babba mai tafiya, kamar Kogin Gari da ake noman rani da ruwansa a yankinmu. In ka nausa yamma za ka fi jin gulbi, shi ya sa ake cewa Gulbin Maraɗi. Rafi bai kai kogi ba, ƙorama kuma 'yar siririya ce mai gudu. Tafki a kwance yake, ba ya zuwa ko'ina. Kududdufi fa? Shi ba halitta ba ne, rami ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ruwan sama ya cika shi. Don haka gefensa ba ya gangara a hankali kamar na tafki, taku ɗaya ne tsakanin idon sawu da wuya. Yaron da ya san bambancin tafki da kududdufi ba ƙamus kawai ya sani ba. Ga kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a irin wannan kwantaccen ruwa ta hanyar 'yan ƙananan katantanwa da ke rayuwa a ciki.

Ko sunan jiharmu daga wannan rukuni yake. Jigawa ita ce tudu mai rairayi, irin ƙasar da ka sani a wajen Ɓaɓura, kishiyar fadama mai riƙe danshi. Da aka ƙirƙiro jihar a 1991 ba a je nesa neman suna ba.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne ɗafa-goshin nan "ma-". Hausa na ɗaukar aikatau, ta liƙa masa "ma-" a gaba, sai ya zama sunan wurin da ake yin aikin. Ka san shi a makaranta da maƙera da masallaci. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, za ka iya bin ruwa tun daga farkonsa har ƙarshensa da wannan ƙa'ida kaɗai. Inda yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, maɓuɓɓuga. Inda yake gudana, magudana. Inda aka datse shi, madatsa, wato abin da muke kira dam, irin na Muhammadu Ayuba da ke Kazaure. Inda biyu suka haɗu, mahaɗa, kamar Lakwaja inda Kwara da Binuwai suka gamu. Inda dabbobi ke sha, mashaya. Inda mutane suka saba shiga su ƙetare, mashigi.

Wannan ta ƙarshe ita ce kalmar da ya kamata kowane yaro ya riƙe kafin a bar gida. Mashigi ba kowane gefen ruwa ba ne. Wuri ne da ƙafafun mutane da na shanu suka gwada shekara da shekaru, aka san ƙasansa. In ka isa ƙauyen da ba ka sani ba, ko a Gwiwa ne ko a ina, ka sami dattijo ka ce: "Baba, don Allah ina mashigi?" Zai nuna maka. In ka ce "ina ruwa?" ai ruwa yana gabanka, kuma shi ne ba ka so.

Yanzu ga tambayar da ɗalibai suka fi yi: ruwan da ke zubowa daga saman dutse, me sunansa da Hausa? Wasu har rantsuwa suke yi wai babu, sai an aro. Akwai. Muna da aikatau "tsirga", wato dira daga sama, kamar a ce ya tsirgo daga kan doki. Sa masa "ma-", ka sami matsirga, wurin da ruwa ke dira. Ba ƙirƙirar jiya ba ce: kusa da Kafanchan a Jihar Kaduna akwai irin wannan ruwa da aka fi sani da Matsirga, duk da mutanen wurin suna da sunan da suke kiransa da harshensu. A Jihar Neja akwai ta Gurara, mai tsayin kimanin mita 30. A ƙaramar hukumar Wamba ta Jihar Nasarawa kuma akwai Farin Ruwa, mai kimanin mita 150, wadda farin da ruwan ke yi yayin zubowa ya ba ta suna.

Wasu marubuta kan ce "magangarar ruwa". Ba kuskure ba ne, amma a ganina ba abu ɗaya ba ne. Gangara bin jikin tudu ne, ba a rabu da ƙasa ba. Tsirga kuwa an bar ƙasa, an faɗo. Ruwan da ke malalowa a jikin duwatsunmu bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta, mafi yawansa magangara ce. Kada kuma sunan ya sa ka raina shi: dutsen da ruwa ke bi yana yin gansakuka, santsinsa ya fi na kuɓewa.

Sai batun jinsi, inda rubutu ke yawan karyewa. Waɗanda suka ƙare da "-a" mata ne, don haka "-r" suke ɗauka: madatsar ruwa, mashayar dabbobi, matsirgar Gurara. Mashigi namiji ne: mashigin Gari. "Madatsan ruwa" da ake gani a rubuce ba daidaitacciyar Hausa ba ce. Jam'in matan yakan ƙare da "-u", madatsu, kamar makarantu. Na mazan da "-ai", mashigai, kamar masallatai. Kuma "ma-" ba ta tsayuwa ita kaɗai, ba a rubuta "ma shigi". Wani abin sha'awa: kogi namiji ne, amma sunan kogi in ya zo shi kaɗai mace ne, kamar sunan gari. Kogin Kwara ya cika, amma Kwara ta cika.

A yi hattara da mashaya. A rubuce, wurin shan ruwa da jam'in mashayi iri ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su a baki. Wurin, sautinsa a sama yake daga farko har ƙarshe. Mutanen kuwa, sautin yana faɗuwa a gaɓar tsakiya. In ka rubuta "mun kai yara mashaya" ba ka ƙara kome ba, kada ka yi mamakin amsar da za ta biyo baya.

Saura wasali ɗaya, wanda a bakin ruwa ya fi duk waɗannan nauyi. A rabon aikatau na F. W. Parsons na 1960, giredi na 6 shi ne mai ƙarewa da "-o", mai nuna aikin yana tahowa wajen mai magana: gangaro, hauro, ƙetaro, fito. Ka ɗauka kana ƙasan tudu a busasshen wuri, yara suna sama, ƙorama tana ɗaya ɓarin. Ka ce "ku gangaro", sun zo wajenka. Ka ce "ku gangara", ka ba su izinin sauka ta inda suka ga dama, har da ɓarin ruwan. Haka "ku ƙetare" da "ku ƙetaro". Babba ba ya kuskuren wannan in yana cikin natsuwa, amma yaron da ya tashi yana gauraya harsuna yakan ji su kamar ɗaya. Ka gwada naka tun a tsakar gida: tsaya a zaure ka ce wa ɗaya ya fita, ka ce wa ɗaya ya fito, ka ga ina kowa ya nufa.