Dodo a cikin faranti: sabuwar sana'ar kayan ƙwalam na bikin yara a Garwa

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Yola ta hanyar Gashiga ya san cewa kayan yara ba sa kwantai. Alawa, biskit, balan-balan da hulunan takarda, da zarar Sallah ta matso ko makarantu sun doshi hutu, sai ka ga dila ta ƙare tun kafin azahar. To yanzu kuma ga wani abu da iyaye mata ke gani a wayoyinsu suna sha'awa, wato tsiran Turawa da ake kira hotdog, wanda ake yi wa siffar abin ban tsoro don yara su yi dariya su ci.

Asalin abin daga Amurka yake. A can, daren 31 ga Oktoba na kowace shekara yara kan yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alawa, bikin da suke kira Halowin, wanda baƙi daga Ailan da Sukotlan suka kai musu a ƙarni na 19. Shi kansa tsiran Jamusawa ne suka kai shi Amurka. Matan gida kan naɗe shi da siraran kwaɓin fulawa, su sa masa idanu biyu, ya fito kamar gawar Fir'aunan Masar da aka naɗe da ƙyalle.

A nan ne mai son yin wannan sana'a a Garwa ya kamata ya yi wa kansa faɗa. Abin da Ba'amurke ke gani wasa ne, a idon Bahaushe ko Bafulatani likkafani ne, kuma babu uwar da za ta biya kuɗinta a kawo wa ɗanta siffar gawa ranar bikinsa. Halowin ma ba bikinmu ba ne. Sai dai mu ma muna da namu dodannin, kuma sun fi nasu daɗin labari. Yaron da ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko ya taɓa bin ’yan tashe bayan azumi ya kai kwana 10, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dodo. Har a Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan yara na watan azumi da ake kira dodo, wanda fataken Hausawa suka kai can tun ƙarni na 19. Ashe ’yan kasuwa sun daɗe suna fataucin dodo, yanzu dai a faranti za a sa shi.

Mafi sauƙi shi ne Gizo. A ɗauki tsiran guda, a tsaga kowane gefe gida huɗu da wuƙa, a bar tsakiyar kamar faɗin yatsa biyu ba a taɓa ba. Idan aka jefa shi cikin mai mai zafi, ƙafafun nan takwas sai su lanƙwashe da kansu cikin minti biyu ko uku, ga gizo-gizo ya fito. Man gyaɗa ya yi, haka ma man auduga na Diamaor da kamfanin SODECOTON ke yi, wanda ba a rasa shi a shagunan Garwa.

Shi kuwa Dodo yana son kwaɓi. Kofi biyu na fulawa, cokali uku na mai, ɗan gishiri, ƙaramin cokali na bekin foda, sai ruwa kaɗan-kaɗan har ya haɗu ba ya kama hannu. Wannan zai ishi tsirai goma. A murza shi da kwalba ya yi fele-fele, a yanka sirara kamar igiya, a nannaɗe tsiran ta ko'ina kamar gashin dodo ya barbaje, a bar ɗan fili a sama don fuska. Mai abin gashi ya gasa na minti 15 zuwa 20 har ya yi ja. Wadda ba ta da shi ta zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, ta ɗora faranti a kai, ta rufe, ta sa garwashi ƙasa da bisa murfi, kamar yadda ake gasa kek a gida. Idanu kuwa ɗigo biyu na mayonis da ɗan tumatirin gwangwani a tsakiya sun wadatar. Wasu kan soka kanumfari, amma ban ba da wannan shawara ba, domin yaro zai iya haɗiye shi. Idan aka murɗa kwaɓin zobe-zobe aka bar kai a waje da ɗan harshe na jan tattasai, maciji ke nan.

Wahalar ba a girkin take ba, a naman take. Yawancin tsiran da ke cikin firjin manyan shaguna a Kamaru da Faransanci aka rubuta bayaninsa, kuma akwai na alade a ciki. Wanda ya ga kalmar porc ya ajiye; bœuf shi ne naman sa, poulet ko volaille na kaza. Ko an rubuta kaza a gaban leda, a juya baya a karanta jerin kayan haɗin, domin akan gauraya kitse ko fatar alade a wasu, sannan a nemi shaidar halal. Kuskure guda a nan ya isa ya rufe wa mutum kasuwa a unguwa baki ɗaya, kuma ba a gyara irin wannan suna.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, kuma lokacin ne ruwan madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 kuma take ba arewacin ƙasar wuta, ke ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa. Tsiran da ya narke ya sake daskarewa sau biyu sau uku ba abin ba yara ba ne; ledar da ta kumbura ko naman da ya yi yauƙi, a zubar kawai, asarar leda ɗaya ta fi a kwashi yara ashirin zuwa asibiti. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. Ke nan a soya dab da lokacin da za a ci.

Akwai kuma haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi cewa hotdog na kan gaba cikin abincin da ke shaƙe ƙananan yara, saboda kaurinsa ya yi daidai da maƙogwaronsu, yana toshe shi kamar murfin kwalba. Yaron da bai kai shekara huɗu ba, a tsaga masa shi a tsaye sannan a yayyanka ƙanana, kuma ya ci a zaune, ba yana guje-guje ba. Tsinken sakace da wasu ke sokawa don ado ma a cire shi.

Ga masu tunanin tsallaka iyaka da kayan, a sani cewa daskararrun kaji da naman sa sun daɗe cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, don haka a tambayi kwastan kafin a zuba jari. Abin da ya saba tafiya lafiya shi ne busassun kaya: fulawa, hulunan biki, da irin su Gala, wanda kamfanin UAC ke yi tun 1962 kuma ba ya buƙatar firji.

A ganina ma, Garwa ba ta da dalilin dogaro da tsiran kanti. Gari ne na shanu, naman safe yana nan a mahauta. A niƙa shi da albasa, tafarnuwa, gishiri da ɗan yajin ƙuli mara zafi, a mulmula shi dogo kamar yatsa, a soya sama-sama, sannan a naɗe da kwaɓin a gasa. Ba zai yi ƙafafun Gizo ba, domin ba ya tsaguwa, amma Dodo da maciji suna fitowa sarai, ga shi an san wanda ya yanka. Mai son gwadawa ya fara da ranakun da kasuwar yara ke ci: Sallah ƙarama da babba, walimar sauka, bukukuwan makarantun rainon yara a Disamba, da kuma ranar matasa ta 11 ga Fabrairu.