Sakace da Ruwa: Abin Lura Kafin Sayen Na'ura

Duk mai cin bandar tarwaɗa ta kasuwar Yauri ya san amfanin tsinken sakace. Sai dai tsinke yakan soki dasashi, asuwaki kuwa ba ya kaiwa cikin matsatsin da ke tsakanin haƙora. A nan ne ƙwayoyin bakteriya suke taruwa su yi yauƙi, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, a ƙarshe haƙori ya fara girgiɗi.

A shekarar 1962, a Amurka, likitan haƙori Gerald Moyer da injiniya John Mattingly suka ƙera na'urar da aka sani da Waterpik, wadda take feso siririn ruwa mai ƙarfi ya wanke wannan matsatsi. Ba ta maye gurbin asuwaki ko buroshi. Cikon aikinsu take yi.

Mai saye a Ngaski ko Shanga ya nemi mai batirin caji, domin kusanci da madatsar Kainji bai sa wuta ta zauna ba. Ya zaɓi wadda ake rage wa ƙarfi, ya fara daga ƙasa. Ruwan tafki kuwa, tilas a tafasa shi ya huce, saboda feshin yana shiga ƙarƙashin dasashi mai rauni. Dattin da ya riga ya daskare ya yi tauri kamar dutse, ruwa ba ya ɓamɓare shi, sai likitan haƙori.