Horar da Masu Ciwon Sukari Kan Kula da Kansu

Ciwon sukari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da shi sun ƙaru daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, cuta ce da yawancin jinyarta ke gudana a gida, domin likita na ganin majinyaci na ɗan lokaci ne kawai, alhali zaɓin abinci da shan magani da motsa jiki suna hannun mai ciwon kullum. Wannan ne ya sa aka ɓullo da tsarin horarwa, inda ma'aikacin jinya ko masanin abinci ke bibiyar majinyaci, ido da ido ko ta waya, har ya iya tafiyar da lafiyarsa da kansa.

Tsarin ya ɗauki darasi daga salon tattaunawar zaburarwa da Ba'amurke masanin halayyar ɗan'adam William Miller ya gabatar a 1983 domin masu fama da shaye-shaye, salon da ya fifita tambaya da sauraro a kan ba da umarni. Mai horarwa ba ya cewa a daina cin tuwo kwata-kwata, domin umarni irin wannan ba ya daɗewa a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa kowa. Sai dai ya tambayi majinyacin abin da zai iya, su amince a rage malmala, a yawaita miyar ganye da wake, a bar lemon kwalba da zuba sukari a koko. Saboda haka horon da bai haɗa da mai girkin gidan ba da wuya ya yi tasiri. Ana auna ci gaba da gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata 2 zuwa 3, kuma ga manya da yawa ana son ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Horon ya ƙunshi duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, tunda cutar kan kashe jijiyoyin ji har ƙaya ta soki mutum bai sani ba. Kafin watan azumi kuma ana tura majinyaci wurin likita ya daidaita masa magani, a koya masa cewa rawar jiki da gumi da jiri alamun faɗuwar sukari ne, kuma idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 sai ya karya azumin nan take.